Rahotannin NBS kan aikin yi da farashi: kyauta ne, amma kar ka tsaya a shafin farko

Jama'a barkanmu da war haka. Yau ba waya ko gidan abinci zan yi wa sharhi ba, wani abu ne da ake bayarwa kyauta wanda yawancinmu ba ma tunawa da shi sai in rigima ta tashi a kansa a rediyo, wato rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, musamman na aikin yi da na farashin kayan masarufi. Ni shagon kwamfuta gare ni a nan Kano kusa da wata makaranta, taifin da firintin da fotokwafi, to ɗalibai masu rubuta firojet da 'yan kasuwa masu son a tsara musu takardar neman bashi ko tallafi su suka jefa ni harkar nan, tun ina sauke musu fayil kawai in miƙa har na zo ina zama ina karantawa da kaina in babu kwastoma.

Bari in fara da abin yabo don kar a ce sharri na zo yi. Ko sisi ba ka biya, datarka ce kawai. Ka shiga shafinsu na intanet, nigerianstat.gov.ng, za ka tarar da rahoto a PDF sannan yawanci da Excel ɗinsa a gefe. Duk wata suna fitar da na hauhawar farashi wajen tsakiyar wata, akwai na farashin abinci, na fetur, na dizal, na kalanzir, na gas ɗin girki, har da na kuɗin mota wanda ya haɗa da kuɗin acaɓa da tikitin jirgin sama, kuma da yawansu jiha-jiha aka rarraba. Wanda ya taɓa zuwa wani ofis neman takarda guda ɗaya aka yi ta ce masa oga ba ya nan dawo gobe, shi zai san darajar a ce ga abu a wayarka ƙarfe biyun dare kana kwance. Wannan kam sun yi ƙoƙari, ban da ja.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Maganar da ta sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun ita ce lambar rashin aikin yi.

A watan Maris na 2021 hukumar ta ce marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100, lissafin watanni ukun ƙarshe na 2020 ke nan. Mutum ɗaya cikin uku. Kowa ya ce ai dama mun sani. Daga nan aka yi shiru, fiye da shekara biyu babu sabon rahoto, sai a watan Agustan 2023 aka fito aka ce kashi 4.1 ne a watanni ukun farko na 2023, na ƙarshen 2022 kuma 5.3. Ku tuna fa lokacin ba a fi wata uku da cire tallafin mai ba, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, mutane suna ajiye motoci suna takawa a ƙasa, sai ga labari wai marasa aiki huɗu ne kacal cikin ɗari. Ranar kam hukumar ta sha zagi a Facebook.

Gaskiyar magana ba ƙarya suka yi ba, kuma ba ayyuka aka samar ba. Ma'auni aka canza. A tsohon tsari sai ka yi aikin awa 40 a sati ake cewa kana da cikakken aiki, in tsakanin awa 20 zuwa 39 ne a ce aikinka bai ishe ka ba, in kuwa bai kai awa 20 ba to kai marar aiki ne ko da kana ɗan taɓa wani abu. A sabon tsari kuwa, wanda suka yi tare da Bankin Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ILO, in dai ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce don a biya ka ko don ka ci riba, shi ke nan an sa ka a layin masu aiki. Kafin a kira ka marar aiki sai abu uku sun haɗu, ba ka yi komai ba a satin, kana nema da gaske, kuma in aka ba ka a shirye kake ka fara. Wanda ya nema ya nema har ya gaji ya haƙura ya koma majalisa yana shan shayi, shi ba ya cikin marasa aiki, an fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya. Har shekarun ma an taɓa, da daga 15 zuwa 64 ake ƙirgawa, yanzu daga 15 zuwa sama ne babu iyaka.

To kun ga kamar ka auna buhu da kwano yau, gobe ka auna shi da gwangwanin madara, ka fito kana murna wai hatsi ya ƙaru.

Kwanaki wata ɗaliba ta kawo min babi na huɗu na firojet ɗinta in gyara mata tebur, ta jera shekaru ta ja layi ya gangaro daga 33.3 ya faɗo 4.1, a ƙasa ta rubuta cewa wannan ya nuna shirye-shiryen gwamnati na samar wa matasa aiki sun yi nasara. Na ce mata ƙanwata zauna tukuna, na juyo mata da allon kwamfutar na buɗe shafin da hukumar da kanta ta yi bayanin cewa hanyar lissafin ce ta sauya kuma ba a gwada sabuwar lamba da tsohuwa. Ta yi shiru tana bin layin da yatsa, can ta ce to yaya ai malamin da ke duba ni ya riga ya sa hannu. Na ce to sai ki koma ki nuna masa. Ta tafi tana ɓata rai saboda kuɗin sake firintin. Irin wannan teburin yana nan da yawa a ɗakunan karatu an yi masa bango mai kyau.

Su kansu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Dakta Yemi Kale, wanda ya riƙe hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito fili ya ce shi bai gamsu da ma'aunin awa ɗaya ba tunda abin da mutum zai samu a aikin awa ɗaya ba zai riƙe shi ba. Shugabanta da ya kawo sabon tsarin, Adeyemi Adeniran, shi kuma hujjarsa ita ce haka sauran ƙasashe ke yi, in ba mu bi ba babu yadda za a gwada mu da kowa. Ni a ganina kowannensu yana da gaskiyarsa, amma duk rigimar awa ɗaya da awa ashirin ɗin ta ɗauke mana hankali daga ainihin ciwon.

Ku je kasuwar Singa ko Kantin Kwari ko Dawanau a nan Kano da sassafe ku kalli 'yan dako. Mutum tun bayan asuba yake sauke buhu daga tirela har magariba, kwana shida wani ma bakwai a sati. Ko a tsohon ma'auni ko a sabo wannan bawan Allah mai cikakken aiki ne, ya wuce awa 40 nesa ba kusa ba. Haka ɗan garuwa, haka mai faci, haka ɗan adaidaita sahun da sai ya haɗa balas ɗin mai mashin ya sayi mai sannan ya fara neman na cefane. Babu wanda zai kira su marasa aiki. Amma tambaye su ko abin da suke samu yana kai su ƙarshen sati. Talaka a ƙasar nan ba shi da halin zaman kashe wando, babu wani alawus da gwamnati ke ba marar aiki kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai, in bai fita ba ba a ɗora tukunya, dole ya ƙirƙiri abin yi ko da sayar da ruwan leda ne a danja. Shi ya sa lambar take fitowa ƙarama. Mai iya zama a gida wata shida yana jiran a kira shi intabiyu, to akwai mai ciyar da shi.

Kuma rahoton da kansa ya nuna haka in ka shiga ciki. Rashin aiki ya fi yawa a birni kan ƙauye, ya fi yawa a wajen waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare kan waɗanda ba su shiga aji ba. A rahoton shekarar 2023 da aka rarraba jiha-jiha, Abiya ce a kan gaba da kashi 18.7, Abuja na biye, Nasarawa kuma ita ce ta ƙarshe da kashi 0.5. Akwai mai hankalin da zai ce mutanen Nasarawa sun fi na Abuja samun kuɗi? Leƙa maƙwabta ma ka gani, a ƙiyasin ILO rashin aiki a Jamhuriyar Nijar bai kai kashi 1 ba, Afirka ta Kudu kuwa ta haura 30, alhali kowa ya san inda 'yan ci-rani suke fitowa da inda ake tafiya nema.

Saboda haka ni in na buɗe rahoton aikin yi ba na ɓata lokaci a kan babbar lambar da 'yan jarida ke ɗauka. Lambar da nake nema tana ciki. A rahoton watanni uku na biyu na 2024, wanda ya ce rashin aiki 4.3 ne, an ce kusan kashi 93 na masu aiki suna aikin da ba na ofis ba ne, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu hutun rashin lafiya, buga-buga dai. Kashi 85.6 kansu suke yi wa aiki, masu karɓar albashi ko lada a ƙarƙashin wani 14.4 ne kacal. Wallahi wannan ita ce Najeriyar da na sani, ita nake gani daga ƙofar shagona. Ga wani yaro nan tsallaken titi da digirinsa ya gama bautar ƙasa, lema ya kafa da benci da na'urar POS, rana ta juyo ya ja lemar, ruwa ya sauko ya tattara ya shigo wajena ya fake. A takarda shi mai aiki ne, har ma mai sana'ar kansa. Shi kuma kullum sai ya tambaye ni ko an buɗe fotal ɗin ɗaukar ma'aikata a wani wuri.

Wannan lambar ta 93 ita ce ta sa duk lokacin da ake dambarwar mafi ƙarancin albashi nake jin abin wani iri. An yi yajin aiki an yi zama an tashi, a Yulin 2024 aka sa hannu ya koma naira 70,000 daga 30,000, madalla, ma'aikata sun cancanta har fiye da haka. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to yaron shago fa, mai gadin gida fa, malamar makarantar kuɗi ta cikin lungu da ake ba ta abin da ko kuɗin mota bai isa ba fa? Su ne mafi yawa kuma babu mai zama a tebur a madadinsu.

A nan ne nake ganin rahoton ya gaza. Yana gaya maka mutum nawa ke aiki, awa nawa, mace ko namiji, birni ko ƙauye, har yana da lissafin waɗanda aikinsu bai kai awa 40 ba kuma suna son ƙari, wanda ya kai kashi 12.2 a farkon 2023. Amma tambayar da kowa ke son amsarta, nawa ake samu, ba ita ce a gaba ba. Da ni ake shawara da shafin farko zai zo da abin da mai matsakaicin samu ke tashi da shi a wata, a ajiye shi kusa da kuɗin kwanon shinkafa. Sai ka haɗa da wani rahoton nasu daban kafin hoton ya fito, misali na talauci da suka fitar a Nuwamban 2022 wanda ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Sakkwato ce a gaba da kashi 91. Hukuma ɗaya ce ta fitar da 4.1 da 63 ɗin nan, kuma babu wadda ta ƙaryata wata, mutane ne suke aiki tuƙuru kuma suna cikin talauci.

Akwai kuma wani abu da yake min yawo a kai game da matanmu na cikin gida. Unguwarmu kusan kowane gida akwai mai awara ko ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko kitso ko ƙulla zoɓo a firji, yara ne ke fita da tallan, kuɗin kuma da shi ake zubin adashi a yi kayan ɗakin 'ya. A ƙa'idar sabon tsari duk masu aiki ne tunda don riba suke yi, kuma wannan wani alheri ne na ma'aunin awa ɗaya da masu zaginsa ba sa faɗa, ya ba irin waɗannan matan damar shiga lissafi. Sai dai ka san halinmu, baƙo ya yi sallama da kwamfutar hannu ya tambayi maigida a zaure ko matarsa tana aiki, amsar da za ta fara fito masa ita ce a'a tana gida. Don haka jama'a in ma'aikatan ƙididdiga suka zo unguwarku ku faɗa musu gaskiya, ba haraji suka zo yankawa ba kuma ba rabon tallafi ba ne balle a ƙara gishiri.

Ɓangaren farashi kuma shi ma an yi irin wannan rawar. Disambar 2024 hauhawar farashi tana kashi 34.80, Janairun 2025 sai ga 24.48. Nan ma ba kaya ne suka sauko a wata ɗaya ba, shekarar da ake gwaji da ita aka matso daga 2009 zuwa 2024, aka sabunta jerin kayan da ake bibiya, nauyin abinci a lissafin ya ragu daga wajen kashi 52 zuwa wajen 40. Sabuntawar kam ta zama dole, a 2009 wa yake sayen data kamar yanzu. Amma gidan da kusan duk abin da aka samo a baki yake ƙarewa, kashi 40 bai kama hanyar rayuwarsu ba. Sannan don Allah a riƙe wannan, in an ce hauhawar farashi ta ragu ba ana nufin kaya sun yi sauƙi ba, gudun tashin ne ya ragu. Kullum sai na yi wannan bayanin a shago.

Ga 'yan kasuwa, rahoton farashin abinci yana da amfani amma da sharaɗi. Da kilo suke lissafi, mu kuma da kwano da mudu da tiya muke ciniki, sai ka kai kwanonka wajen mai sikeli ka san nauyinsa sannan lambar za ta yi maka magana. Kayan da ake haskawa su ne shinkafa, wake, garin kwaki, doya, tumatir, albasa, ƙwai, nama, manja, mu kuma nan idonmu gero da dawa yake fara nema. Kuma farashin jiha guda ɗaya ne aka tara aka raba, bai san bambancin sarin Dawanau da na mai shagon lungu ba, sannan kafin ya fito wata ya riga ya wuce. Wani Alhaji mai harkar hatsi da nake yi wa takardu na taɓa nuna masa, ya duba ya yi dariya ya ce ɗana ni da waya ɗaya zan ji farashin yau a kasuwa uku kafin in gama karin kumallo. Gaskiyarsa. In sari za ka yi gobe, kira mutuminka na kasuwa. In kuwa banki ko wata ƙungiya za ka kai wa takarda kana son nuna yadda kaya suka tashi cikin shekara biyu, nan ne NBS ba ta da na biyu, domin ba za su karɓi "in ji wani a kasuwa" ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen gajeru ne. Jinkiri, rahoton aikin yi na watannin Afrilu zuwa Yunin 2024 sai a Nuwamba ya fito. Turanci zalla, kuma Turancin ma na masana, alhali mutanen da ake ƙirgawa da yawansu a rediyo suke jin labari, shafi ɗaya da Hausa da Yarbanci da Ibo ba zai gagara ba. Sai babbar matsalar da ba laifinsu ba ce, rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage, duk wani kashi kaza cikin ɗari da za a juya shi zuwa miliyan kaza a kan ƙiyasi yake tsaye. In maki zan bayar, bakwai cikin goma, ukun da na cire na jinkiri ne da harshe da rashin sa maganar samu a gaba.

Ɗalibai ku kuma ga taku. Duk lambar da za ku ɗauka ku rubuta ta wace shekara ce, wane watanni, kuma tsohon tsari ce ko sabo, kar ku haɗa ta kafin 2021 da ta bayan 2022 a layi ɗaya. Ku daina kwafowa daga kanun jarida, ku sauke Excel ɗin, a waya yana wahalar dubawa saboda faɗin teburin, gara ku samu kwamfuta. Masu digiri na biyu da ke son ɗanyen bayanan gida-gida akwai wani sashe daban da aka ware musu a shafin. Kuma duk abin da kuka sauke ku adana kwafinsa a filashi ko ku tura wa kanku ta imel, domin a Disambar 2024 an yi wa shafin kutse ya daina aiki na wani lokaci, masu difens a lokacin waɗanda suka ajiye nasu ne kawai suka samu abin nunawa.